Kaskon Wuta a Bakin Motar Mai Jego

Ɗana na fari direba ne. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba a nan zai fara fita ba. Haka aka rene mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da cinsa ko shansa. Yana ƙarami kakarsa ce ta riƙe shi. Da ya girma ya kama tuƙi sai na sami abin kira, nake ce masa Direba, shi ma ba a gaban idonsa ba. In ina da magana da shi, ko dai in faɗa wa matarsa, ko in juya fuska wajen bango in faɗa, shi kuma ya tsinta.

Motarsa ƙarama ce ta haya. Yana lodi daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, wata rana har Doguwa. Mu kuwa muna wani ƙauye a bayan Kafin Maiyaƙi. Da bazarar da ƙanwarsa ta yi haihuwar fari, ya kauce wa wata babbar mota a hanyar Doguwa, ya sauka daga kwalta, dutse ya daki tankin mai ta ƙasa ya tsaga shi. Ya liƙe wurin da sabulu ya lallaɓa har Kwanar. A can aka sauke tankin, aka yi masa walda, aka mayar. Ya dawo gida yana murna wai an gama.

A bayan katangar madafina yake ajiye motar. Washegari da rana tsaka ina tuƙa tuwo sai na ji wari. Na ɗaga kai na shaƙa. Fetur ne. Na janye itacen daga murhu, na yayyafa masa ruwa, na bar tuwon rabi da rabi, na fita na zagaya. Motar tana tsaye cikin rana, gilasanta a rufe, ba kowa a wurin. Na duƙa na leƙa ƙarƙashinta. Ƙasa a bushe take ƙayau. Amma warin yana nan.

Da ya shigo cin abinci na juya wajen bango na ce, "Wannan motar dai tana wari."

Ya ce, "Inna, ragowar gyara ce. An zubar da mai a jikinta wajen sauke tanki. Zai fita."

Na ce wa bangon, "A gusa da ita daga madafi."

Ya gusa da ita gindin darbejiya. Har kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ya ɗauko ya nuna wa matarsa da ƙarfi yadda zan ji: "Kin gani? Ko ɗigo ɗaya babu. Abin da ba ya ɗiga ai ba ya yoyo."

Ni dai na san abin da idona ya taɓa gani. Wata ranar kasuwa a Kafin Maiyaƙi ina tsaye ina cinikin daddawa, wani mai sayar da fetur a galan yana ɗura wa ɗan acaɓa. Can gefe, da tazara sosai, wata mata tana suyar ƙosai. Ba wanda ya zubar da komai, ba wanda ya ƙyasta ashana. Na ga wuta ta taso daga murhunta ta biyo iska, kamar ana jan ta da zare, ta faɗa bakin galan. Mutumin ya rayu, amma fuskarsa ba ta koma yadda take ba. Tun ranar na san ba sai wuta ta taɓa fetur ba. Warinsa ma ya ishe ta hanya.

To ga shi an yi suna a Tudun Wada, kuma an sa ranar da za mu je mu ɗauko mai jego ta zo gida wanka. Na tanadi itace, na tanadi babbar tukunya, na sa an daka gero na kunun kanwa. Motar da za ta ɗauko ta kuwa ba wata ba ce, ta yayanta ce. In ka ce a nemo wata, ka ce wa duniya motarsa ba ta da lafiya, kuma da ita yake ci da iyalinsa.

Muka kama hanya da hantsi, ni a baya, shi a gaba. Gilas a sauke, iska tana kaɗawa, ban ji komai ba sai kaɗan-kaɗan in ya rage gudu. Na fara ce wa kaina ko tsufa ne ya sa hancina yake ƙirƙiro abin da babu. Muka isa. Ya tsaya a ƙofar gidan surukai, cikin rana, ya ɗaga gilasai saboda ƙura, ya tafi majalisar maza.

Aka karɓe ni da mutunci. Uwar mijin 'yata Hajiya ce mai fara'a, mai son ƙamshi, ɗakinta ko'ina turare. Muka gaisa muka sake gaisawa, ina gajiya, ina barka, ina kwanan jariri. Aka miƙo mini yaron. Na duba shi na ce, "Wannan ne angon nawa? Ai ko gashin kirki ba shi da shi. Da me zai riƙe ni?"

Hajiya ta ce, "Af, kin raina shi? Ai jiya ya ce in gaya miki shi ma tsohuwa ba ta yi masa ba, haƙuri zai yi da ke."

Aka yi dariya. Aka kawo shinkafa, aka kawo naman suna da aka ajiye mini. Muka daɗe. Sai bayan azahar, rana ta take sosai, aka fara fitar da kaya: akwati, bahon wanka, ƙullin tsummokin jariri. Mijin 'yata ya buɗe ƙofar baya zai sa kaya, sai ya ja da baya yana toshe hanci.

"Kai! Wannan wane irin wari ne haka?"

Ina daga zaure na ji shi. Warin ya taso kamar an buɗe bakin jarka. Wanda na ji a bayan madafina wasa ne a kansa.

Direba ya taho da sauri yana cewa, "Zafi ne, zafi ne ya tayar da shi. A bar ƙofofin a buɗe, yanzu zai fita."

Hajiya ta leƙo ta ce, "Haba, jinjiri ɗanye zai shaƙi wannan? Ku dakata." Ta koma ciki.

Na ɗauka mafici za ta ɗauko. Na juya ina gyara wa 'yata goyon zani. Da na waiwayo sai na ga Hajiya ta fito daga zaure da kaskon turaren wuta a kan faifai, garwashi jajir a ciki, ta barbaɗa turare har hayaƙi yana murɗawa sama. Tana tafe tana hura shi da baki, ta nufi buɗaɗɗiyar ƙofar motar. Niyyarta ta alheri ce, abin da take yi wa ɗakin baƙo shi za ta yi wa motar jikanta. Direba kuwa a daidai lokacin ya tura rabin jikinsa cikin motar ta ɗaya ƙofar, yana jan tabarmar ƙasa zai kakkaɓe. Bai ganta ba.

Wa zan yi wa tsawa? Ita surukata ce, a ƙofar gidanta nake, maza suna zaune suna kallo. Shi kuma ban san yadda ake kiransa da ƙarfi ba, harshena bai taɓa koya ba. Ƙafafuna ne suka yi maganar. Ban san lokacin da na tsallake kwatar ƙofar gidan ba. Na sha gabanta, saura ƙiris ta kai, na sa hannu biyu na cafke kaskon. Ba faifan na kama ba, kaskon kansa na kama. Na juya da shi na yi ta tafiya, ina jin tafin hannuna yana cin wuta, ban yarda na sake ba don kada garwashin ya watse kusa. Sai da na kai bakin kwatar maƙwabta na dungurar da shi a cikin ruwan, ya yi cuu.

Hajiya tana tsaye da faifai a hannu, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Ikon Allah. Turaren nawa ne bai yi ba?"

Na ce, "Hajiya, ki yafe ni. Ba turaren ba ne. Wutar ce."

"Wuta kuma? Ai ba a tanki zan sa ba. A ƙasan kujera zan ajiye."

Wani dattijo daga cikin majalisar ya miƙe yana salati. Ya ce, "Hajiya, ki gode wa Allah, ki gode wa baƙuwarki." Daga nan kowa ya sami bakin magana. Aka kawo ruwan randa na tsoma hannuwana. Hajiya da kanta ta kawo zuma ta shafa mini, ta yage gefen wani tsohon zani mai tsabta ta naɗe su. Tana naɗewa tana cewa, "Ke ma dai, ba ki da baki ne? Sai ki kama wuta da hannu?" Idonta ya kawo ruwa. Direba yana tsaye daga nesa, ya sunkuyar da kai. Bai matso ba, ni ma ban dube shi ba.

Na ce wa Hajiya, yadda zai ji, "Mai jego ba za ta shiga motar nan ba sai an san inda warin yake fitowa. A mayar da kaya cikin gida."

Ba wanda ya musa. Direba ya ce akwai wani bakanike a bakin tasha, zai kai masa. Ya shiga ya kama sitiyari. Na ga zai tayar da ita shi kaɗai, da wannan warin. Na buɗe ƙofar baya da gwiwar hannu na shiga.

Ya ce, "Inna, ki zauna a nan ki huta. Hannunki."

Na ce wa gilas, "Akwai kanwa da zan saya a bakin tasha."

Ya murɗa makulli. Na runtse ido ina jiran ƙarar da ba ta injin ba. Injin ya tashi lafiya. Tafiyar ba nisa, amma duk mai shayi da mai gasa masara da muka wuce sai na bi wutarsa da ido.

Garejin fili ne a gindin wata bishiyar mangwaro, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai. Bakaniken mutum ne mai furfura a gemu, gajere, yana tafiya yana ɗingishi. Ya saurari Direba, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shafa inda aka yi walda, ya sansana yatsansa.

Ya ce, "Waldar nan lafiyarta lau. Ba ta ƙasa ba ne. Ruwan mai ba ya fita, numfashinsa ne yake fita. In rana ta yi zafi, mai yakan yi tururi a cikin tanki. Akwai hanyar da aka yi masa ya bi ya tafi inji ya ƙone. In ya sami wata kafa ko da kamar ta allura ce, sai ya bi nan. Shi ya sa kwalinka bai nuna maka komai ba."

Direba ya ce, "To ta yaya za a ga abin da ba a gani?"

"Hayaƙi za mu ba ta."

Na ce, "Me za ku ba ta?"

Sai a lokacin ya dube ni, ya dubi hannuwana. Ya rusuna ya gaishe ni. Direba ya ba shi labarin kasko a gajarce. Bakaniken ya kama haɓa ya ce, "Subhanallahi. Iya, ashe ke ce 'yar kwana-kwanar unguwar."

Na ce, "Ban zo wasa ba. Yanzu na raba motar nan da hayaƙi, kai kuma ka ce za ka ɗura mata?"

"Nawa ba irin na Hajiya ba ne."

Ya shiga rumfarsa ya fito da wani gwangwanin fenti da murfi, an huda shi an sa masa dogon siririn tiyo, ga wayoyi biyu suna reto, ga famfon keke a ɗaure a gefe. Ya ajiye shi can nesa da motar, kusa da wani batir. Ya buɗe ya nuna mini cikinsa. Ya ce man shafawar jarirai ne a ciki, da lagwani, da wata 'yar waya da take ɗumama shi har ya yi hayaƙi. Ba harshen wuta, ba garwashi, kuma murfin a rufe yake ruf. Hayaƙin kaɗai ne zai bi tiyo.

Na ce, "Inda hayaƙi yake ai wuta tana nan."

Ya ce, "Kawo hannunki." Sai ya tuna, ya ce, "A'a, kawo kuncinki."

Ya maƙala wayoyin a batir, ya jira, ya danna famfon a hankali. Farin hayaƙi ya fito daga bakin tiyon. Ya kawo shi kusa da fuskata. Na kauce, ya biyo ni. Sanyi gare shi. Ƙamshinsa kuwa na jariri ne da aka gama yi wa wanka. Ban ce na yarda ba, amma na daina magana.

Ya buɗe gaban motar, ya zare wani siririn tiyo daga jikin inji, ya haɗa da nasa. Ya toshe wani wurin a ƙarƙashi da tsumma da leda. Ya ƙara murɗa murfin tankin. Sannan ya ce wa Direba, "Kai ka kwanta a ƙasa ka duba tanki da tiyoyin da suke jikinsa. Ni zan yi famfo."

Direba ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar har ƙafafunsa kaɗai ake gani. A raina na ce: ga tanki cike da mai a saman ƙirjinsa, ga mutum yana tura masa hayaƙi. In bakaniken nan ya yi kuskure, in wani tartsatsi ya biyo tiyon, ko ihu ba zai samu ya yi ba. Aka ba ni benci na ƙi zama. Na tsaya a daidai ƙafafunsa. Na auna da ido yadda zan kama su in ja, da waɗannan hannuwan nawa da ko kofi ba sa iya riƙewa. Na karanta duk abin da na iya, na sake karantawa.

Bakaniken yana danna famfo yana tambaya, "Ka ga wani abu?"

Daga ƙasa ya ce, "Babu."

"Bakin tanki fa?"

"Babu."

"Duba bayan taya."

"Nan ma babu."

Ina tsaye ina kallon ƙafafun, sai gefen idona ya ga wani abu yana motsi a cikin motar. Na ɗaga kai. Ta gilashin baya na ga wani farin zare yana fitowa daga tsakanin kujerar baya da majinginarta, siriri, yana hawa sama a hankali. Ya yi kauri ina kallo. Na san an ce mini mai sanyi ne. Na ji shi a kuncina. Duk da haka da na ga hayaƙi a cikin mota, ɗana a ƙarƙashinta, hankalina ya bar jikina. Na duƙa na sa gwiwoyin hannuwana na maƙale idon sawunsa na ja da iya ƙarfina. Ya fito da buhun gaba ɗaya, kansa ya bugi ƙarfe.

"Inna! Lafiya?"

Na nuna motar da haɓa. Bakaniken ya saki famfo ya taho yana ɗingishi, ya leƙa, ya yi dariya.

"Ga ɓarawon! Iya ta kama shi."

Ya ɗaga kujerar baya. Ashe a ƙarƙashinta akwai wani murfi, a ƙarƙashin murfin kuma kan tanki ne, inda famfon mai yake shiga. Hayaƙin yana tsattsafowa ta gefensa. Ya kwance, ya zaro wata baƙar roba zagayayya kamar awarwaro. Gefe ɗaya ya naɗe ya tsage. Ya ce lokacin da aka mayar da tankin ba ta zauna daidai ba, aka ɗaure a haka.

Na dubi wurin. Daidai nan na zauna da safe. Daidai nan 'yata za ta zauna da jariri a cinya. A ƙasan nan kuma Hajiya ta ce za ta ajiye kaskonta. Sai a lokacin na nemi bencin da na ƙi.

Ya nemo sabuwar roba a shagon kayan gyara, ya sa, ya ɗaure a hankali yana zagayawa. Ya sake ba ta hayaƙi. Wannan karon ban bar Direba ya shiga ƙasa ba, bakaniken ne ya shiga da kansa, Direba ya yi famfo. Ni kuma na tsaya a kan murfin nan, ido ko ƙiftawa babu. Ba abin da ya fito.

Na ce, "A sake."

Aka sake.

Na ce, "A ƙara."

Bakaniken ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Iya, man jariran nawa zai ƙare, kuma ke ce za ki saya."

Na ce, "A ƙara dai."

Aka ƙara. Babu komai. Aka mayar da kujera. Na sa hanci a jikinta, sai na ji warin yana nan.

Bakaniken ya ce, "Soson kujerar ne ya sha. Sai an shanya ta a inuwa ta sha iska kwana biyu. Amma yoyo kam babu, na tsaya a kan wannan."

Na yarda da shi, ba ƙarya a fuskarsa. Amma yardar kai daban, ta ciki daban. Da muka koma gidan surukai na ce a nemo wata motar daga tasha ta ɗauki mai jego da jariri da kayansu. Direba bai yi gardama ba, shi ma ya je ya zaɓo ta wani abokinsa. Hajiya ta rako mu har ƙofa, ta riƙe ni a kafaɗa tunda hannu ba ya riƙuwa, ta ce in an kwance ɗaurin a aiko mata da labari.

'Yata ta shiga, aka miƙa mata yaron. Ta matsa ta bar mini wuri. Direba ya buɗe tasa motar, shi kaɗai, zai biyo mu a baya.

Ya ce, "Inna, shiga ku tafi. Ina bayanku."

Na dubi motar abokin, wuri har ya yi yawa. Na dubi tasa.

Na ce wa 'yata, "Taku ta cika da kaya. Ku yi gaba."

Na zagaya na tsaya a ƙofar gaba ta motarsa, inda ban taɓa zama ba. Ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya miƙo hannu ya buɗe mini daga ciki. Na ce wa gilas kada a kulle ƙofofi, kuma kada a ɗaga shi ko ƙura za ta kashe mu. Muka bi bayansu, ina kallon kan 'yata ta gilashin motar gaba, ina shaƙar iska ina tantancewa. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauyenmu, la'asar ta yi sanyi, na hango hayaƙin girkin gidaje yana tashi. Na ce a tsaya nesa da shi, a gindin darbejiya. Ya tsaya a can, ya kashe injin, ya zagayo ya buɗe mini.